Minista ne ke ɗaure mutum ko alƙali? Amsa kan shekaru goman Marou Amadou

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tambayarka ta iso ni da ɗuminta, da gani an yi ta ne ana tsakiyar gardama. Ka ce a rumfarku ta babbar kasuwa an soma da zancen Abubakar Malami, tsohon ministan shari'a na Najeriya, sai wani ya ce ai mu ma a Nijar mun yi namu, Marou Amadou. Ɗaya ya rantse Marou ne ya ɗaure Hama Amadou da Nouhou Arzika, ɗaya ya ce minista ba ya ɗaure kowa, aikin alƙali ne. Kana son sanin wa ke da gaskiya, kuma yaya aka yi mutumin da ya sha kaso saboda tazarce ya wayi gari da shi ake kuka.

Ni ba alƙali ba ne. Magatakardan kotu na yi, a nan jihar Maraɗi da wajenta, har na ajiye aiki. Amma duk takardar da za ta je gaban alƙali ta hannun irinmu take bi, mu ke buga mata lamba, mu ke ɗaure ta da igiya, mu ke sanin wadda ta yi kwana uku a biro da wadda ta yi shekara uku. Daga wannan kujerar zan ba ka amsa.

Wanda ya ce minista ba ya ɗaure mutum bai yi ƙarya ba. Babu takardar tura mutum kaso da ke ɗauke da sa hannun minista, kuma da zai rubuta ta, mai gadin gidan kaso ba shi da hurumin karɓa. Sai dai mai wannan magana ya tsaya a bakin zaure, bai shiga gidan ba.

In ka taɓa zama a zauren shari'a na kotun Maraɗi, ka tuna yadda ake jeruwa. Alƙali na tsakiya a zaune, ni ko wani irina a gefe da alƙalami. A ɗaya gefen akwai wani mai baƙar riga irin ta alƙalin, wanda in zai yi magana sai ya miƙe tsaye. Shi ne mai shigar da ƙara na gwamnati, wanda a takarda ake rubuta procureur. Mutanen gari da yawa suna ɗauka lauya ne. Ba lauya ba ne, alƙali ne cikakke: horo ɗaya suka yi da na zaunen, ƙungiyarsu ma ɗaya ce, SAMAN, kafin a rusa ta a 2025, kuma wanda ke tsaye bana yana iya zama na zaune baɗi. Shi ya sa a tsarin da muka gada daga Faransa ake cewa alƙalan zaune da alƙalan tsaye. Na zaune, bisa kundin tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a 2023, doka kaɗai ce a kansa. Na tsaye yana da ubangida. Na kotun Maraɗi yana ƙarƙashin babban mai shigar da ƙara na kotun ɗaukaka ƙara, wadda a zamanin aikina Damagaram ce, shi kuma wancan yana ƙarƙashin ministan shari'a. Doka ta ba minista ikon ya sanar da shi laifi, ya umarce shi ya buɗe ƙara, ko ya nemi abu kaza daga kotu. Ƙa'idar da ake koya musu ita ce alƙalaminsu bawa ne, bakinsu ɗa: abin da aka umarce shi dole ya rubuta, amma in ya miƙe a zaure yana iya faɗin abin da ke ransa.

Na taɓa ganin wannan ƙa'ida da idona sau ɗaya tak, a wata kotu da ba zan ambata ba. Matashin mai shigar da ƙara ya miƙe, ya karanta takardar da ke neman a ɗaure wani mutum, murya ƙasa-ƙasa kamar mai karatun wasiƙar ta'aziyya. Da ya gama ya kife takardar a kan tebur, ya dafa ta da tafin hannu, ya ce wa alƙali: wannan shi ne abin da na rubuta, amma abin da na ji yau a zauren nan bai gamsar da ni ba. Ya zauna. Alƙali ya sallami mutumin. Ban rubuta komai ba na ɗan lokaci, alƙalami na riƙe ina kallonsa. Da aka zo canjin wuraren aiki na gaba, sunansa na cikin waɗanda aka ɗaga. Ko saboda wannan ne, ko lokacinsa ne ya yi, takardar ba ta faɗa ba, kuma irin waɗannan takardu ba su taɓa faɗa.

To ƙarfin minista a nan yake. Na tsaye shi ke riƙe da ƙofa. 'Yan sanda ko jandarma in sun gama bincike gare shi suke kai mutum, shi zai ce a kai gaban alƙali yau, ko a miƙa wa alƙali mai bincike, ko a rufe maganar ba tare da an je ko'ina ba, don doka ta bar masa auna dacewar gurfanarwa. Shi ke zaɓen sunan da za a fara ba laifin, kuma tsakanin "taro ba da izini ba" da "yi wa tsaron ƙasa zagon ƙasa" akwai tazarar shekaru. Shi ke neman a tsare mutum kafin shari'a. In alƙali ya yanke abin da bai yi masa ba, shi ke ɗaukaka ƙara. Alƙalin zaune komai jarumtarsa ba ya shari'ar da ba a kawo masa ba.

Shi kansa na zaunen ba a sama yake rataye ba. Tsarin mulkin ya ce ba a cire shi daga kujerarsa yadda aka ga dama, amma shugaban ƙasa ke naɗa shi, bisa shawarar ministan shari'a, bayan an ji ta bakin majalisar ƙoli ta alƙalai, wadda shugaban ƙasar ne dai ke shugabanta. Kuma akwai wata ƙofar baya da ake kira buƙatar aiki. Alƙalin da 'ya'yansa ke makaranta a Yamai ya san Bilma ma ƙasar Nijar ce, kuma can ma ana buƙatar alƙali. Ba sai an buga masa waya ba. SAMAN ta sha fitar da sanarwa a kan wannan, a zamanin Marou da kafin zamaninsa.

Tunda da Malami kuka fara, ga bambancin a taƙaice. A Najeriya mutum ɗaya ne Antoni Janar kuma ministan shari'a, kuma sashe na 174 na tsarin mulkinsu na 1999 ya ba shi ikon buɗe ƙarar laifi, da karɓe wadda wata hukuma ta buɗe, da janye ta kafin a yanke hukunci. Ikonsa a fili yake, da sunansa. Shi ya sa lokacin da aka ci gaba da tsare Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasarsu shawara kan tsaro, daga ƙarshen 2015 zuwa Disamban 2019, duk da belin da kotuna suka bayar da hukuncin kotun CEDEAO, kowa ya san ƙofar wa zai buga, kuma sanarwar sakin ma daga biron Malami ta fito. Namu ministan ba ya shiga kotu, ba ya janye ƙara da hannunsa. Ikonsa ta tsani yake sauka, shi ya sa gardamarku ta ƙi ƙarewa. Faransa da muka kwafo ta hana ministanta ba da umarni a kan shari'ar mutum ɗaya tun 2013. Mu ba mu kwafi wannan gyaran ba.

Yanzu ga Marou.

Ba ta kujerar alƙalanci aka san shi ba, ta titi aka san shi. A farkon 2005 gwamnati ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su madara da fulawa da sukari, har da ruwa da wutar lantarki. Ku 'yan kasuwa kun fi ni tuna yadda aka ji a jika. Ƙungiyoyin fararen hula suka haɗa ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, aka yi gagarumin jerin gwano a Yamai ranar 15 ga Maris, aka biyo da ranar zaman gida da rufe kasuwanni. Kafin watan ya ƙare an kama jagorori biyar: Nouhou Arzika, Marou Amadou, Moustapha Kadi, Moussa Tchangari da Kassoum Issa, aka tuhume su da ƙulla wa ƙasa makirci. A watan Afrilu aka sake su, gwamnati kuma ta janye mafi yawan harajin. Ka riƙe sunayen nan, za su dawo. Ka kuma riƙe sunan firaministan lokacin: Hama Amadou.

2009 ita ce shekararsa. Marigayi Tandja ya rusa majalisar dokoki a watan Mayu, ya rusa kotun tsarin mulki a ƙarshen Yuni, ya yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta. Marou, yana jagorantar ƙawancen fararen hula na FUSAD, yana cikin masu kaifin baki a kan tazarce. Ranar 10 ga Agusta aka kama shi. Kotu ta ba da umarnin a sake shi, amma bai kwana gida ba: jami'an tsaro suka sake ɗaukarsa, aka kai shi gidan kason Kutukale, aka buɗe masa sabuwar tuhuma ta jagorantar ƙungiyar da ba ta da rajista, sai tsakiyar Satumba ya samu sakin talala. Ina so ka dubi wannan da kyau, don shi ne darasin da na ba ka a sama, a jikin mutum ɗaya. Alƙalin zaune ya ce a tafi, masu riƙe da ƙofa suka canza wa laifin suna. Babu ministan shari'ar da Nijar ta yi da ya san wannan dabara ta fuskar wanda ake yi wa kamar Marou.

Sojoji suka kifar da Tandja ranar 18 ga Fabrairun 2010, shugabansu Salou Djibo ya ba Marou shugabancin majalisar tuntuɓa ta riƙon ƙwarya, wadda ta yi aiki a kan daftarin tsarin mulkin jamhuriya ta bakwai da dokar zaɓe. Issoufou ya yi rantsuwa a Afrilun 2011, kuma a gwamnatin farko ta Brigi Rafini Marou ya zama ministan shari'a kuma kakakin gwamnati. Kujerar shari'ar bai bar ta ba sai 2021. Shekaru goma a ma'aikatar da ministoci suka saba wucewa kamar baƙin kasuwa.

Haɗa masa kakaki da shari'a, a ganina, shi ne kuskuren farko, kuma shi ya ja masa rabin baƙin jinin. Mutumin da masu shigar da ƙara ke ƙarƙashinsa bai kamata ya zama shi ke fitowa talabijin yana kare gwamnati ba, don duk abin da ya faɗa da bakin kakaki, alƙalin tsaye da kunnen minista zai ji shi. Ta bakinsa aka ji shigowar Saadi, ɗan Gaddafi, a Satumban 2011, da bayanin cewa dalilin jinƙai ne ya sa aka karɓe shi. A Maris ɗin 2014 aka sa Saadi a jirgi aka miƙa wa Tarabulus, ƙasar da a lokacin kowa ya san halin da gidajen kasonta ke ciki. Ta bakinsa aka ji cewa fursunoni 22 sun tsere daga gidan kason Yamai a farkon Yunin 2013. A Janairun 2012 kuma gobara ta cinye ginin ma'aikatar kanta, aka yi ta raɗe-raɗi a fada-fada a kan takardun da suka ƙone. Mu ma'aikatan kotu mun san dosiyen shari'a a kotu yake kwana, ba a ma'aikata ba, amma wa zai tsaya ya saurare mu.

Shari'ar Hama ita ce ta raba rumfarku, don haka bari in bi ta daki-daki, ba don in wanke ko in shafa wa kowa ba, mutumin ma ya riga mu gidan gaskiya a Oktoban 2024, Allah ya jiƙansa. Hama ya mara wa Issoufou baya a zagaye na biyu na 2011, ya zama shugaban majalisar dokoki, suka raba gari a Agustan 2013. A tsakiyar 2014 aka buɗe maganar jariran da aka ce an sayo daga Najeriya, aka kama mutane da dama, ciki har da ɗaya daga matan Hama, daga baya har da Abdou Labo, ministan noma kuma jigon jam'iyyar CDS a nan jihar. Wannan ya sa magoya bayan gwamnati ke cewa ai ba adawa kaɗai aka taɓa ba. Ƙarshen Agusta shugabannin majalisa suka amince a saurari Hama, shi kuma ya fice zuwa Faransa.

Ga wurin da masu gardama ke tsallakewa. A ƙarshen Janairun 2015 kotun farko ta ce ba ta da hurumi: kafin a ce mace ta yi ƙaryar haihuwa, sai kotun da ke duba nasaba ta fara tabbatar da cewa 'ya'yan ba nata ba ne. Wannan alƙalin zaune ne, a Yamai, a shari'ar da gwamnati ta fi sa wa ido, ya ce a'a. Wa ya ɗaukaka ƙara? Masu shigar da ƙara. A watan Yuli kotun ɗaukaka ƙara ta soke wancan hukunci. Hama ya dawo ranar 14 ga Nuwamban 2015, daga filin jirgi aka wuce da shi gidan kason Filinge, daga kaso ya yi takara a 2016 ya zo na biyu, aka fitar da shi jinya Faransa kwana huɗu kafin zagaye na biyu. A Maris ɗin 2017 aka yanke masa shekara ɗaya. Shekara ɗaya ba yawa, in ji mai kallo daga nesa. Amma dokar zaɓe ta haramta takara ga wanda aka yanke wa shekara ɗaya ko fiye, kuma da wannan ne kotun tsarin mulki ta ƙi karɓar takararsa a Nuwamban 2020.

To wa ya ɗaure Hama? A takarda, alƙalan kotun ɗaukaka ƙara, kuma kotun ƙoli ta tabbatar. Amma lokacin da aka buɗe maganar, da nacewa bayan kotun farko ta ture ta, da neman a tsare shi ana gab da zaɓe, duk ayyukan tsanin da minista ke samansa ne. Yana iya yiwuwa laifin ya auku kuma siyasa ta hau kansa. Mutanenmu ba su son wannan amsa, sun fi son a ce ko fari ko baƙi.

Abin da ya fi ci mini rai ba na Hama ba ne, don Hama ɗan siyasa ne, ya san kasuwar da ya shiga, shi ma a zamaninsa an kama mutane. Na 2018 ne. Dokar kasafin kuɗi ta shekarar ta zo da sababbin haraji, fararen hula suka yi ta fitowa, hukumomin birnin Yamai suka hana gangamin ranar 25 ga Maris, aka kama jagorori. Cikinsu akwai Nouhou Arzika da Moussa Tchangari, tare da Ali Idrissa da lauya Lirwana Abdourahamane. Arzika da Tchangari, mutanen da suka shiga kaso tare da Marou a 2005, a kan magana iri ɗaya, haraji da tsadar rayuwa. Aka rarraba su gidajen kaso na wajen Yamai, nesa da iyali da lauyoyinsu. Ranar 24 ga Yuli kotu ta yanke wa Arzika da Tchangari da Ali Idrissa wata uku na jeka-ka-gyara-halinka. Ka yi lissafi irin naku na 'yan kasuwa: alƙali ya ce laifinsu bai kai su kwana ɗaya a kaso ba, amma sun riga sun yi wata huɗu. Wa zai biya su? Hana gangami da kamu aikin ma'aikatar cikin gida ne, gaskiya ne. Amma neman a tsare, da gidajen kason da aka kai su, a gonar ma'aikatar shari'a suke.

Wannan tsarewa kafin shari'a ita ce ainihin bulalar, kuma ba manya kaɗai take duka ba. Manyan ma su ne masu sa'a, rediyoyin waje na kiran sunansu kullum. Na tuna wata tsohuwa daga wani ƙauye da take zuwa birona duk ranar kasuwa, ta ajiye ƙwaryarta a bakin ƙofa, ta durƙusa ta ce: "Ɗana, an kira sunan yaron?" Jikanta ne aka tsare kan zancen akuya. Dosiyensa na can ƙasan kabad, igiyar ma ta soma cin takardar, ana jiran wata amsa da ba ta zo ba. Babu minista a maganarsa, babu siyasa, babu wanda ya ƙi shi. Mantawa kawai aka yi. Ranar da aka kira shari'ar, abin da aka yanke masa bai kai rabin zaman da ya yi ba. Tsohuwar ta yi ta godiya, har da kawo mini ƙwai. Ban iya ci ba, na ba masinja.

A 2020 aka ga ɗaya fuskar ikon, wato ƙofar da ba a gaggawar buɗewa. Bayan harin Inates a Disamban 2019, inda sojoji 71 suka kwanta dama, da na Shinagodar a Janairun 2020, inda aka rasa 89, binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya nuna an yi aringizon farashi da karɓar kuɗin kayan da ba a kawo ba, adadin da ya fara fitowa ya kai miliyar 76 na sefa. Maganar farko da gwamnati ta yi ta mayar da kuɗi ce, sai da gari ya ɗauki zafi aka miƙa dosiyen ga shari'a. Waɗanda suka fito ranar 15 ga Maris suna neman a hukunta masu hannu, aka tarwatsa su, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, aƙalla mutum uku suka mutu, aka kama masu shirya gangamin. Maikoul Zodi da Halidou Mounkaila da Moudi Moussa sai ƙarshen Satumba suka fito. 'Yar jarida Samira Sabou, kan wani rubutu a Facebook da ya shafi wannan badaƙala, ta shiga kaso ranar 10 ga Yuni bisa ƙarar ɗan shugaban ƙasa, kotu ta wanke ta ranar 28 ga Yuli. Dokar da aka tsare ta da ita ita ce ta laifukan intanet ta 2019, wadda ta dawo da ɗauri kan ɓata suna ta taga, bayan dokar 'yan jarida ta 2010 ta fitar da shi ta ƙofa. A cikin watannin nan masu tambayar ina kuɗin suke su ne a kaso. In za a auna minista, a nan zan sa ma'aunina: wa aka yi saurin kaiwa, wa aka yi wa sannu-sannu.

Kada in yi masa rowar abin da ya yi. A zamaninsa aka buɗe layin waya na kyauta, Ligne verte, don talaka ya kai kukan cin hanci a kotuna, kuma na ga ma'aikatan da suka shiga taitayinsu saboda shi, ko da na ɗan lokaci ne. Aka yi babban taron ƙasa kan gyaran shari'a a Nuwamban 2012. Aka kafa ANAJJ, hukumar da ke taimaka wa marasa hali da shawara da lauya, abin da a jiha irin tamu, inda kusan duk lauyoyin ƙasar Yamai suke zaune, ba ƙaramin abu ba ne. Aka kafa hukumar yaƙi da fataucin mutane, aka ɗauki sababbin alƙalai, aka gina kotuna. Dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure ita ma ta zamaninsa ce, Turawa sun yaba, mutanen Agadas sun la'anta, sojoji suka soke ta a Nuwamban 2023. Amma babban gyaran da taron 2012 ya kamata ya haifa, a cire hannun gwamnati daga naɗi da canjin alƙalai, a yanke igiyar da ke tsakanin minista da masu shigar da ƙara, bai zo ba. Shekara goma ta isa a yi shi. Mutumin da aka sake ɗauka bayan kotu ta sallame shi a 2009 ya fi kowa sanin inda ciwon yake, kuma ya bar kujerar da ƙarfinta yadda ya same ta. Wannan nake riƙe da shi a kansa, fiye da kowace shari'a guda.

Masu kare shi suna cewa minista yaron shugaban ƙasa ne, ba shi ke kiɗa ba. Haka ne, amma ba a ɗaure kowa a kujerar minista da igiya ba, kuma takardar murabus ba ta fi layi uku ba. Masu zaginsa kuma suna magana kamar shi ya ƙirƙiro abin. Ba shi ba ne. An yi wa Marou a zamanin Tandja, an yi wa wasu a zamaninsa. Ɗaurin da aka cire daga dokar intanet a 2022 an mayar da shi a 2024, kuma a Disamban 2024 ɗin aka sake kama Tchangari, Marou kuwa ya daɗe da barin ma'aikatar.

Akwai wani abu da ya kamata ku sani a rumfa, don ya fi muku amfani da gardamar. Ƙofar mai shigar da ƙara ba ita kaɗai ba ce. In an cuce ka, ka kai ƙara ya rufe ta, doka ta ba ka damar zuwa kai tsaye wurin alƙali mai bincike a matsayin wanda aka cuta, ka ajiye kuɗin da zai yanka maka na jingina, shi kuma ya duba. Alƙalin zaune ne, ba ya karɓar umarnin minista. In kuma naka ne aka kama, tsarewar komisariya ko jandarma a laifin yau da kullum awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya da izinin mai shigar da ƙara, kuma ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, ta ba lauya damar kasancewa da mutum tun daga kamu. In an tura shi kaso, neman sakin talala a rubuce ake yi, a ba magatakarda, a karɓi shaidar ajiyewa mai kwanan wata, in an ƙi a sake nema. Kada a ba ɗan-tsakani ko dala da sunan zai ga alƙali. Yawancinsu iyakarsu inuwar bishiyar da ke harabar kotu. A riƙa zuwa ana tambayar lambar dosiyen, da lambar ake nemo shi a kabad, ba da sunan yaron ba.